Magagarin Kawu Mai Agogo

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Maris, 'yarka ta bugo mini waya ta ce ka cika a asibiti bayan jinyar kwana shida. Kawu mai agogo, na daɗe riƙe da wayar nan, domin akwai maganar da ban samu na faɗa maka ba.

Shekara huɗu kana zuwa gidanmu duk farkon wata saboda akun da Baba ya rasu ya bari. Da muryar Baba akun nan yake sallama, da ita yake tari, kuma Mama ba ta karyawa sai ta ji shi. Bakinsa na sama tsawo yake yi yana lanƙwashewa, har ya kasa fasa gyaɗa. Sai ka naɗe shi da tawul, ka maƙala tabarau ɗin nan mai ido ɗaya da kake duba cikin agogo da shi, ka goga masa ƙaramin magagari sau biyar ko shida, ka mayar aljihu.

Ni kuwa ban yarda da kai ba. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da zai rufe shagonsa, ya hau mota biyu, ya ƙi karɓar ko sisi, me yake nema? Me zai hana ka yanke bakin gaba ɗaya kowa ya huta? Na ƙudura a raina da gangan kake rage aiki don ka samu hanyar dawowa. Yau in ce akun kake so, gobe in ce Mama ce. Har tsayawa nake a bakin ƙofa ina auna tsawon gaisuwarku.

Ranar da na tambaye ka, ko ɗagowa ba ka yi ba. Ka ce, "Ɗana, akwai jini a ciki. Kaɗan-kaɗan ake bi." Na ɗauka zancen 'yan kasuwa ne, na ce ka huta, za mu iya.

Bayan wata biyu na sa abin yanke farce na datse bakin. Jini ya ɓalle, akun ya yi ƙarar da ban taɓa ji ba, Mama ta zauna daɓas a ƙasa. Ita ta kira ka. Ka zo da rigar aiki, ka danna garin masara a wurin har jinin ya tsaya. Kwana tara kana zuwa kana ba shi abinci mai laushi da cokali, ka kuma ɗaura masa guntun itace a keji ya riƙa gaguya. Sai da ya yi kwana ashirin kafin ya sake sallama. Ba ka ce mini uffan ba, kuma, Allah Ya yafe mini, shirun ma na zarge shi. Na ce lokacin gori kake jira.

Da na je gaisuwa, 'yarka ta miƙo mini magagarin. Ta ce, "Yaya, ya ce a ba ka. Babanku ne ya roƙe shi a gadon asibiti, wai kar ya bari muryar nan ta ɗauke wa Mama. Mahaifina ya kuma ce kar ka ji tsoro, hannunka zai saba."

Jiya na naɗe akun da tawul. Na goga masa magagarin sau biyar, na tsaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa amanar nan da ka riƙe ta bi ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka, Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Ku kuma iyalinsa, ina roƙonku ku yafe mini a madadinsa. Shekara huɗu na yi ina tsaron ƙofa, ina zargin mutumin da alkawari kawai yake cikawa.