Ƙwayoyin da Malam Hashimu Ya Raba Biyu

A wani ƙauye kusa da Bagwai, inda gona ke manne da gona har ba a ɗaure akuya sai da izinin maƙwabci, akwai manomi mai suna Malam Hashimu. Tun yana saurayi aka san shi da hali guda: ba ya cin abu shi kaɗai. In goro ɗaya ne a aljihunsa sai ya ɓare shi biyu, in rake ne sai ya karya a gwiwa. Wanda ya fi kowa morar wannan hali shi ne amininsa Sabiru, wanda gonar shinkafarsa ke iyaka da tasa a bakin magudanar ruwan dam.

Shekara da shekaru su biyun suna dashe, ruwa har ƙwauri. Tun suna yara suke ganin jini a ƙarshen fitsari, amma a zamaninsu ba a ɗauki tsargiya ciwo ba, wasu ma cewa suke alamar girma ce. Da furfura ta soma, sai abin ya tsananta wa Malam Hashimu. Mara ta riƙa ciwo, fitsari ya riƙa matsa masa, alwala ba ta daɗewa. Mutumin da ya saba da sahun gaba ya koma tsayawa kusa da ƙofar masallaci, don in ta kama ya fice ba tare da ya keta sahu ba. Wannan ya fi ciwon kansa damunsa.

'Yarsa Ramlat, wadda ke aiki a ɗakin shan magani na gunduma, ita ta lallashe shi aka yi gwaji. Ta auna tsayinsa da sanda don sanin adadin maganin da ya dace da shi, ta ba shi ƙwaya huɗu. Da yake ba a shan maganin da yunwa, ya ce zai sha a gida bayan tuwo. Bayan wasu makonni aka sake gwaji, aka tarar ƙwayayen tsutsar da ke kawo ciwon suna nan da ransu.

Ramlat na cikin juyayin abin a zauren mahaifinta sai ga Sabiru ya yi sallama.

"'Yata, Allah Ya yi miki albarka," in ji shi. "Ƙwayoyin nan biyu da na samu, ɗaci kamar maɗaci, amma na ji daɗinsu."

Ramlat ta juya ta dubi mahaifinta. "Baba, raba su ka yi?"

"To, ciwonmu ɗaya, ruwanmu ɗaya," in ji Malam Hashimu yana gyara hula. "In warke in bar wannan tsohon yana cije baki a bayan kunyar gona?"

"Wa ye tsoho? Ai da wata uku ka girme ni!"

Ramlat ta yi murmushi, sannan ta gyara zama. Ta bayyana musu cewa tsutsar tana fitowa daga jikin dodon koɗi a cikin ruwa, ta huda fata, ta zauna a jijiyoyin jini, ta lulluɓe kanta yadda garkuwar jiki ba za ta gane baƙuwa ce ba. Ƙwayayen da take sakawa kuwa suna maƙalewa a bangon mafitsara. Jiki yana ganinsu, amma ba ya iya fitar da su, don haka sai ya kewaye kowane ɗaya da shinge.

"Baba, in ka yi wa kowane tushen ciyawa shingen ƙaya a gonarka, ina za ka shuka?"

"Babu," in ji shi a hankali. "Gonar ta zama shinge."

"Haka mafitsararka take zama. Maganin yana yage lulluɓin tsutsar ne, jiki ya gane ta, ya gama da ita. Rabin magani sumar da ita kawai yake yi, ta farfaɗo. Da kai da Baba Sabiru babu wanda ya warke."

Malam Hashimu ya dubi Sabiru. Bai taɓa tunanin akwai rabon da ke cutar da mai bayarwa da mai karɓa gaba ɗaya ba.

Washegari aka gwada Sabiru, aka auna tsayinsa. Suka ci ɗumame a kwano ɗaya a gaban Ramlat, kowa ya haɗiye nasa kason cikakke. Da yamma zazzaɓi da ƙaiƙayi suka taso musu. Ramlat ta duba su, ta ce alamar jiki ya shiga yaƙi ne, zai lafa. Suka kwanta a tabarma ɗaya suna susa, kowa na cewa ɗan'uwansa ne rago.

Gwajin da ya biyo baya ya fito lafiya. Ramlat ta gargaɗe su cewa ruwan yana nan da tsutsarsa, kuma tabon ciki ba ya gushewa dare ɗaya. Kafin dashe ta kawo dogayen takalman roba, na mutum biyu.

"Na san halinka, Baba," in ji ta. "In na kawo naka kaɗai, ƙafa ɗaya za ka ba shi."

Ranar wata Alhamis, Malam Hashimu ya wuce ƙofar masallaci bai tsaya ba. Ya shiga sahun gaba, ya sallaci La'asar da alwalar Azahar, Sabiru na damansa.