Zanen Duniya a Bangon Baba Mainasara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba 14 ga Mayu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Mainasara, mai zanen motocin albasa a Wurno, bayan jinyar mako biyu.

Baba, mutane sun cika wurin jana'izarka, har da waɗanda sunka daɗe suna ce maka taɓaɓɓe. Na ga sun fi kowa sunkuyar da kai.

Duk garin nan kai kaɗai ne ba ka yi dariya ba in na buɗe baki a kan kumbo da 'yan sama jannati, abin da na koya wa kaina daga tsofaffin littattafai da waya mai fasasshen gilashi. Ranar da na nuna maka hoton duniya da anka ɗauka daga kusa da wata, ka ajiye burushi, ka daɗe kana kallo. Sannan ka ce, "Shafi'u, injin ya kai shi can, amma wanga da yat tsaya ya ɗauka, mai ido na. Dubi inda yab bar wa duhu wuri."

Shekara talatin kana zana zakuna da dawisu a bayan motocin da ke zuwa Gandi da Goronyo. Wannan hoton kuwa a bangon ɗakin matarka, Inna Safara'u, ta wajen titi, ka zana shi bayan yaɓen bara, da bula da farar ƙasa da gawayi. Masu wucewa na tambaya, "Mi na na, ƙwai?" Ni ina zaginsu, kai kana miƙa masu kujera.

Jiya ƙanenka Attahiru ya zo da magina za a yi yaɓe, kamar yadda ake yi wa kowane ginin ƙasa kafin damina. Na tare bangon, na faɗa masu maganganun da nake kunyar rubutawa. Sai Inna ta yi magana daga cikin ɗakin, inda take takaba: "Ɗana, in ba a yaɓe ba, ruwan farko bisa kaina ginin zai faɗo. Shi da ya zana ya san da yaɓe. Ko bara shi ya kwaɓa ƙasar."

Ashe ka san kwanakin zanen tun kana haɗa bula, kuma hakan bai sa ka yi shi da gaggawa ba.

Na ba Baba Attahiru haƙuri, na naɗe wando na shiga kwaɓi. Da hannuna na rufe shuɗin. Yau na wuce ta ƙofar gidan, bango sumul, na tsaya da labarin wani sabon kumbo a bakina, ban san wa zan ba ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Inna Safara'u, Baba Attahiru da sauran dangi, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. In da sauran haƙurin, a sa ni ciki. Amin.