Akwatin da Baba Mai Walda Ya Yi wa Kwamfuta

Duk wanda ya shiga gidan Baba Mai Walda zai san sana'ar mai gidan tun kafin a gaya masa. Ƙofa ta ƙarfe, gadaje na ƙarfe, kantar da Umma ke jera tukwane ta ƙarfe, har 'yar kujerar da ake zama a yi wanki. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana haɗa ƙarfe da ƙarfe a wata rumfa ta bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. Aikin ya cinye masa kunnen hagu, ya bar shi da idanu masu yawan ruwa, kuma ba shi da riga ko ɗaya da tartsatsi bai huda ba. Idan ya gama aiki ba ya cewa ya yi kyau. Sai ya kama abin da hannu biyu ya jijjiga, ya ce, "Ba ya motsi." A wurinsa babu yabon da ya wuce wannan.

Lokacin da Auta, ƙaramar 'yarsa, za ta tafi jami'a, shi ya yi mata akwatin kaya. Sai da maza biyu suka ɗaga shi, direban motar yana tambaya ko injin niƙa ne a ciki. Shekara huɗu ta yi tana jin kunyar akwatin nan, amma a ɗakinsu ita kaɗai ce ba a taɓa ɗaukar wa ko cokali ba.

Wata biyar da gama karatunta ɓarayi suka shiga gidan. Ranar Talata ce da hantsi, Baba yana rumfa, Umma ta je asibiti dubiya. Auta tana banɗaki ta ji ana goga zarto a kwaɗon ƙofar baya, ƙiii, ƙiii, sannan muryoyin maza biyu a tsakar gida. Ta danna sakata, ta tsuguna a bayan ƙofa, ta toshe bakinta da hannu. Ɗaya daga cikinsu ya zo ya tura ƙofar, ya doke ta da ƙafa har sau uku. Ƙofar kuwa Baba ne ya ƙera ta, ko motsi ba ta yi ba. Suka haƙura, suka ɗauki talabijin da laftof ɗinta suka tafi.

Tun daga ranar ba ta koma daidai ba. Murfin tukunya ya faɗi sai ta zabura, a gidan da komai ƙarfe ne. Shi kuwa Baba kwana biyu bai yi magana ba. A duk abin da ke tsare gidan, kwaɗon nan kaɗai ne ba shi ya ƙera ba, sayo shi ya yi, kuma ta nan aka shigo wa 'yarsa.

Ana cikin haka wata cibiyar bincike da Auta ta nemi aiki a cikinta ta kira ta jarrabawa. Ta intanet za a yi, ranar Alhamis ƙarfe sha ɗaya na safe, duk wanda bai shiga ba zuwa sha ɗaya da kwata an rufe da shi. Ba a yarda da waya ba, kuma kwamfutar da mutum ya yi gwaji da ita tun farko, ita kaɗai za a karɓa. Yayanta ya kawo mata tsohuwar kwamfutarsa ta tebur, mai 'yan eriya biyu a baya kamar yatsu, da su take kamo waifai daga rauta, wato na'urar da ke raba intanet, wadda ke falo. Auta ta yi gwajin ranar Juma'a, komai ya tafi lafiya lau. Washegari ta tafi gidan Gwaggo ta yi kwana biyar, ko ta samu barcin da ya ƙi zuwa mata a ɗakinta.

Ta dawo ranar Alhamis wajen tara da rabi. Ta tarar Baba bai fita rumfa ba, yana tsaye a ƙofar ɗakinta, hannuwa a baya.

"Shiga ki gani," ya ce.

Allon kwamfutar yana kan tebur yadda ta bar shi, da madannai da kyamara. Ita kanta kwamfutar ce babu. A inda take, gefen tebur, wani akwatin ƙarfe ne mai ruwan toka, an kafe shi da bango an kafe shi da ƙasa. Jikinsa 'yan ƙananan huji ne kamar na rariya don iska, da rami ɗaya daidai yatsa a saitin maɓallin kunnawa. Wayoyi sun fito ta wata matsattsiyar kafa a baya. Ba ƙofa, ba kwaɗo.

"Kwaɗo ana yanke shi," in ji Baba. "Wannan kuwa noti shida ne, na ɗaure su na goge kawunansu. Jijjiga ki ji."

Ta jijjiga. Bai motsa ba. Ta ce, "Sannu da aiki, Baba. Allah ya ƙara girma." Har cikin ranta ta faɗa. Ta zura yatsa ta kunna.

Kwamfutar ta tashi yadda ta saba, a hankali kamar mai ciwon baya. Auta ta danna alamar waifai a ƙasan allo. Jerin ya buɗe wayam. Babu sunan rautarsu, babu na maƙwabta guda shida ko bakwai da kullum suke cika wurin. Ta duba wayarta, ga waifai ɗin gidan nan a cike. Goma saura ashirin.

Ta je falo ta zare rautar daga soket, ta ƙirga talatin a tsaye, ta mayar. Fitilun suka kama ɗaya bayan ɗaya, duk kore. Ta dawo da gudu. Babu. Ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, minti huɗu suka tafi a banza. Babu. Ta mayar da wayarta rauta ta ajiye a kan tebur, nan ma kwamfutar ba ta san da ita ba. Tafin hannunta ya fara gumi, irin gumin da ya yi a bayan ƙofar banɗaki.

Ta kira Yaya. Ya ɗauka da raɗa, yana cikin taro a wurin aiki.

"Duba ko kin danna alamar jirgi, mai kashe waifai."

"Ban danna ba."

"Shiga jerin kayan da ke cikin kwamfutar, ki duba katin waifai. Akwai alamar gargaɗi a kansa?"

"Babu. Ta rubuta yana aiki lafiya."

"To cire manhajarsa ki sake kunnawa, za ta mayar da kanta. Auta, oga yana kallona, zan kira ki."

Ta yi yadda ya ce. Goma da minti ashirin, jerin yana nan wayam. Umma ta leƙo da kofin ruwa, ta ga fuskar 'yarta, ta tsaya da kofin a hannu.

"Baba, ka ƙona ta," in ji Auta. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. "Zafin walda ya ƙona wani abu a ciki. Lafiyarta ƙalau na bar ta!"

"Ke, mahaifinki ne fa," Umma ta ce.

Baba bai ji haushi ba, ko kuma bai nuna ba. Ya juyo mata da kunnensa mai ji. "A rumfa na yi waldar, ita tana nan a kan gadonki na lulluɓe ta da bargo. Ko tartsatsi ɗaya bai gan ta ba." Ya duƙa ya duba wayoyin. "Shi wannan abin da take nema, ta wace waya yake shigowa? Duk na mayar da su yadda na same su."

"Ba ta waya ba ne, Baba. A iska yake zuwa."

"A iska. Kamar rediyo?"

"Kamar rediyo, kamar wayar hannu. Don Allah bari in yi tunani."

Ya tsaya yana kallon akwatin, ya daɗe. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Shekarar da na yi aikin tankunan ruwa, da rediyona nake sauka ciki. Ina sauka sai ta ɗauke, sai shuuu. In na fito ta ci gaba da labarai."

"Ni ce shaida," in ji Umma. "Ranar da yayanki ya karye a ƙwallo, kira goma sha biyu na yi wa Malam, wai ba a samunsa. Ashe yana cikin tanki yana waƙa."

"Ba waƙa nake ba." Ya miƙa hannu. "Kawo wayarki, Auta."

Ya jawo tsohon akwatinta na jami'a daga ƙarƙashin gado, ya saka wayar ciki, ya rufe ya danne murfin da gwiwa. Umma ta kira lambar. Aka ce mata ba a samun mai wannan lamba a halin yanzu. Ya buɗe, ta sake kira, wayar ta kama ruri.

Auta ta dafe kai. An koya musu tun a sakandare cewa rufaffen ƙarfe yana tare sigina, har ta ci tambayar a jarrabawa. Awa guda tana tone cikin kwamfuta, abin yana tsaye a gabanta da sabon fenti.

Baba ya shafa murfin akwatin da ya yi kwana uku yana yi. "Na yi shi da kyau, har abin da ake so ya shigo ya kasa," ya ce. Ya duba agogon bango, sha ɗaya saura ashirin da biyar. "Kashe ta, ki zare wuta. Ummansu, jiƙa min tsumma ki matse sosai."

Ya ɗauko ƙaramin injin yankan ƙarfe da yake ajiyewa a sito. Dole wani ya danne tsumman a kan hujin iska, kada garin ƙarfe ya shiga cikin kwamfutar. Umma ta riƙe wayar wuta, don soket ɗin ɗakin ya saki, sai an danne shi. Saura Auta. Ya sa mata baƙin gilashinsa, ta durƙusa ta danne tsumman da hannu biyu.

Injin ya taɓa ƙarfe. Ƙarar ta cika ɗakin, kuma ita ce ƙarar nan ta ranar Talata, sai dai wannan ta ninka ta sau ɗari. Ta runtse ido ta sunne kai a kafaɗa. Noti na farko ya faɗi ƙasa, Baba ya kashe injin ya dube ta.

"Tashi ki fita. Zan san yadda zan yi."

"Yanka, Baba," ta ce. "Saura biyar."

Ya yanka. Ta riƙa ƙirgawa a ranta, tana kallon hannunsa ta cikin baƙin gilashi. Ba ta taɓa kallonsa yana aiki kusa haka ba. Hannun ba ya gaggawa, ba ya kuma tsayawa, yana karkatar da tartsatsin ya bi bango, nesa da yatsunta. Noti na biyar ya ba shi wahala don yana kusurwa, sai da ya kwanta a ƙasa da gefensa, mutum mai shekara sittin da uku. Umma tana ta "Malam, a hankali, Malam, bayanka," babu mai jin ta.

Sha ɗaya da minti biyu suka ɗaga murfin su biyu. Ga kwamfutar a zaune tsaf, an yi mata shimfiɗar roba don kada ƙarfe ya goge ta. 'Yan eriyar nan biyu suna kwance, ya lanƙwashe su don murfi ya rufu. Ya sa yatsa ya miƙar da su tsaye.

Auta ta jona wuta ta kunna. Sai da kwamfutar ta ci minti huɗun nan nata kafin ta tashi. Ta danna alamar waifai. Sunaye bakwai suka zubo, na gidansu a sama. Sau biyu tana kuskuren lambar sirri, a na uku ta shiga. Shafin jarrabawar ya karɓi kwamfutar, kyamara ta kama, ta ga fuskarta a allo da baƙin gilashin walda a goshi. Ta cire shi ta miƙa baya ba tare da ta waiwaya ba. Sha ɗaya da minti tara. Wani ya karɓi gilashin, aka ja ƙofa a hankali.

Awa biyu ta yi. Da ta fito, ta sami Baba zaune a kan kujerar wanki daidai bakin ƙofarta. Bai je rumfa ba ranar, abin da Umma ta ce rabon da ya yi tun haihuwar Auta. Murfin akwatin yana kan cinyarsa, da tef ɗin awo da guntun alli.

"Ta yanke miki a tsakiya?" ya tambaya.

"Ko sau ɗaya."

Ya gyaɗa kai. Bai tambayi yadda tambayoyin suka kasance ba, ya san ba fanninsa ba ne.

"Baba, maganar da na yi ɗazu, ka yi haƙuri."

"Su 'yan yatsun nan nata," ya ce, kamar da kunnen hagu ta yi masa maganar, "in su kaɗai suka leƙo waje, ya isa? Ko sai duk jikinta ya sha iska?"

"Su kaɗai sun isa."

"Malam, wai mayar da ita za ka yi?" Umma ta ce daga kicin. "Wata rana mu ma za mu tashi mu ga an ɗaure mu da noti."

"Ke ai sai an bar miki ramin baki."

Auta ta yi dariya, karon farko tun ranar Talatar nan. Ya miƙa mata bakin tef ɗin ya ce ta shiga ta auno masa tsakanin eriyar biyu. Ta auno, inci biyu da rabi. Ya zana da'ira biyu da alli a kan murfin, ya dube su, ya goge ɗaya da babban yatsa ya sake zana ta daidai.