Tokar da Yaya Zulkiflu Ya Kai Sabon Gari

Ranar sadakar ukun Yaya Zulkiflu na yi abin da mata ba sa yi a unguwarmu ta Kwarbai: na fita har zaure na ɗaga murya a kan maza. Har yau ana cewa Batulu ba ta da kunya. To, a yi ta faɗi.

Yayana baduku ne, kuma aikinsa ɗaya tal, littattafai. Shekara arba'in da wani abu yana zaune a zauren gidanmu da basilla da jar fata, yana ɗinka gafaka, yana yi wa littattafan malamai bango. Ba shi da surutu, ba shi da dogon karatu, amma akwai abu guda da yake ji da shi, wato amana. In ka kawo masa littafi sai ya ƙirga fallayen a gabanka. Fallen da ya ruɓe har ba ya ɗinkuwa kuwa, in da sunan Allah a jiki, sai ya yi alwala ya ƙona shi a wani kasko da ya keɓe, ranar Juma'a ya binne tokar a gindin katanga inda ƙafa ba ta takawa. Haka ya ga Babanmu na yi, haka malamai ke so, ba ya ma tambaya.

Wata damina wata mata ta yi sallama a zauren. Madam Ugochi, 'yar ƙabilar Ibo, tsohuwar nas, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ni. Ta ce su Yahudawa ne. Ni da na kawo mata ruwa sai da kofin ya kusa suɓuce mini. Ta yi dariya ta ce su gida shida ne kacal, ɗaki guda suka kama na ibada. Ranar Asabar su yi ibada su ci abinci tare, ranar Lahadi da yamma manya da yara su zauna koyon Ibrananci da waƙoƙinsu, in wani bikinsu ya zo su kafa rumfar zana a tsakar gida su yi mako suna cin abinci a ciki. Duk wannan karatun daga littafi guda ake yin sa, wanda marigayi mijinta ya rubuta da hannunsa. Rufi ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa littafin. An ce mata a cikin birni ne ake samun wanda ya san littafin da ake buɗewa daga dama.

Yaya ya ƙirga, falle ɗari da goma sha biyu. Da za ta tafi ta ce, "Malam, a kula don Allah, akwai sunan Ubangiji a ciki."

Wannan maganar ce ta jawo komai. Falle bakwai na tsakiya sun manne sun yi baƙi, basilla ba ta kama su. Yaya ya yi alwala, ya ɗauko kaskonsa, ya yi musu irin girmamawar da ya sani.

Ran Laraba ta dawo, ya faɗa mata, har da ɗan murmushin wanda ya yi abin kirki. Matar nan ta zame ta zauna a ƙasa.

"Ka ƙona? Malam, mu ba ma ƙonawa! Binnewa muke yi, kamar mutum. Waƙoƙin mijina ne a nan, ko da gilashi da mun karanto su."

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba.

Maƙwabcinmu Alhaji Isma'ila yana kan dakali, kunnensa a zaurenmu kamar kullum. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa Malam Zulkiflu ya ƙona littafin Yahudawa a gaban mai shi har ta yi kuka. Kun ɗauka zaginsa aka yi? Ina! Yabo aka shiga yi. Mutanen da suka shekara ba su leƙo zaurensa ba suka riƙa zuwa suna miƙa masa hannu. "Ashe dai Malam namiji ne!" Mutum ya ci amana bisa kuskure, yana neman inda zai sa kansa, ku kuma kuna tafa masa?

Washegari ya je majalisarsu bayan sallar Azahar, shi da ba ya zaman majalisa, ya ce, "Jama'a, ba da gayya na yi ba. Girmamawa na yi nufi, na yi kuskure, kuma ina jin kunya." Alhaji Isma'ila ya kanne ido ya ce, "Mun gane, Malam, ai ba sai ka yi bayani ba." Aka kwashe da dariya.

Tokar tana nan a kasko, Juma'a ba ta zo ba. Ya ɗinka mata 'yar gafaka daga fatar da ya fi so, ran Lahadi na raka shi Sabon Gari. Suka dakatar da karatu, muka bi su maƙabarta, aka binne gafakar a gefen kabarin mijin. Yaya ya durƙusa ya ce, "Madam, ki yafe mini." Ba ta amsa ba. Ta dai miƙa masa littafin ta ce ya ƙara farar takarda falle bakwai a inda aka rasa. Daga baya tsofaffinsu suka riƙa rera abin da suka tuna, malaminsu yana rubutawa. Biyar suka cika, biyu suka tsaya farare fat.

Shekara shida ya yi bayan nan. Ta ci gaba da kawo masa littattafansu, yana ƙirgawa sau biyu a gabanta. Duk ranar da ta tafi sai ya ce, "Batulu, ba ta ce miki komai ba?" In ce a'a, ya koma kan ɗinkinsa.

Ranar sadakar uku Madam Ugochi tana cikin gida tare da mu, littafin a cinyarta, don daga nan wurin karatu za ta wuce. Sai muka jiyo muryar Alhaji Isma'ila daga zaure yana lissafa alheran mamaci. "Kuma kar a manta, shi ne fa ya ƙona littafin Yahudawa. Allah ya sa a mizani!"

Ban san lokacin da na fizge littafin na fita ba. Na buɗe musu fallayen nan biyu na ce, "Ga littafin da kuke cewa! Ku dubi ɗinkin, aikin wanda ya ƙi su ne wannan? Kun hana shi sakat yana raye, yanzu kuma za ku bi shi kabari da ƙarya? Ku ji tsoron Allah!" Babu wanda ya taɓa littafin. Wani ya ce a mai da ita ciki, zafin rashi ne.

Na dawo cikin gida. Madam Ugochi ta karɓi littafinta, ta shafa bangon, ta ce a hankali, "Bar su, Batulu. Ni ai na yafe masa tun ranar da ya kawo tokar."

Na juyo na dube ta. "Kin faɗa masa?"

Ta girgiza kai, idonta a kan littafin.

"Shekara shida, Madam. Duk zuwanki sai ya tambaye ni."