Mai Dubiya da Murarsa

Tun da wani mai dubiya ya yi tarin farko a bakin ƙofar ɗakinmu na asibiti na zuba masa ido. Ɗakin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ne. Yayana yana gadon ƙarshe, ni ke jinyarsa tun da na gama jami'a. Maganin da yake sha yana danne garkuwar jiki don kada jikinsa ya ƙi sabuwar ƙodar. Murar da za ta sa wani atishawa kawai, shi a huhu take sauka.

Ban san mutumin ba. Dubiyar wani ya zo, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga. Takunkumin da aka ba shi yana rataye a ƙarƙashin haɓa kamar gemu na biyu. In tari ya taso sai ya tare da tafin hannu, ya goge a gefen riga, ya miƙa hannun nan ga na gaba. Gado-gado yake bi, kada lada ya wuce shi.

"Baba, don Allah a rufe hanci," in ji nas.

"Haba 'yata, 'yar mura ce fa! Ni ko allura ba a taɓa yi mini ba."

Ina jin ko a gidansa ba a taɓa ce masa a'a ba. Kafin in ajiye kofin hannuna ya isa wurin Yaya, shi kuwa don kunya ya karɓi hannun.

Yau, bayan kwana biyu, Yaya ya tashi da zazzaɓi, numfashi da ƙyar. An yi masa gwaji ta hanci. Sakamako bai fito ba tukuna.