Wa Zai Ɗauko Ka?

"Kowa ya kama abokinsa," in ji budurwar da za ta tuƙa mana kwalekwalen roba, muna tsaye a bakin kogin da ke ratsa duwatsun yammacin jiharmu. Za ta koya mana yadda ake jawo wanda ya faɗa ruwa.

Miji ya kama matarsa, uwa ta kama ɗanta. Ni kuwa na kama igiyar rigata ta kariya daga nutsewa ina sake ɗaurewa, alhali a ɗaure take. 'Yan'uwan da na gayyata daga masallacinmu na garin Greensboro duk sun ce in sha Allahu, babu wanda ya zo.

Ta matso ta ce, "Yallaɓai, kai fa?"

Na ce, "Kada ki damu, na haddace ƙasidar ƙa'idojin da kuka ba mu. A kwanta rigingine, ƙafafu gaba, kada a miƙe tsaye cikin ruwa mai gudu."

Ta yi murmushi. "Daidai. To bayan ka kwanta, wa zai ɗauko ka?"

Ƙasidar ba ta faɗi wannan ba. Sai ta ce ita za ta sa mini ido.

Ruwan ya wujijjiga mu, amma ban faɗa ba. Da muka fito, kowa ya shiga kiran gida. Na ciro wayata, na duba, na mayar aljihu. Ɗakina na unguwar Glenwood babu mai jira.

A al'adarmu, matafiyi ba ya kwana bai sanar da isowarsa ba. Saboda haka ku masu karanta wannan nake shaida wa: na dawo lafiya. Wanda ya gani, ya yi mini sannu da zuwa.