Na goya ta da fararen kayanta na asibiti

Hajiya Asabe, jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a falo, sai na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi sakina. Ki ajiye abin da kike yi ki saurara, na san dai bai wuce leƙen gidan maƙwabta ba.

Kin san yarinyar nan tawa, ta farin, ta samu aikin jinya a can Fatakwal. Babanta ya zame jikinsa, ya ce duk abin da na yanke shi ke nan, kuma jibi ake so ta ba su amsa. Ni da na taka Kwatano, na kwana a tashar Agadas a kan dilar atamfa, yau an ce 'yata za ta hau mota na kasa sukuni. Tuwo ma ba ya wuce min. A gabanta kuwa sai in ɗaure fuska kamar ba abin da ya dame ni. Kin san mu da 'yar fari, ko sunanta ban taɓa kamawa ba tun da na haife ta.

To a mafarkin, wai ga ni a wata tasha, kamar ta Legas, amma kowa Zabarmanci yake yi. Kuma wai na goya ta. Ita da ta fi ni tsawo, da fararen kayanta na asibiti, na ɗaure ta tam da majanyi, ƙafafunta na jan ƙasa. Ba wanda ya ko kalle mu. Kwandasta ya ce, "Hajiya, kujera ɗaya ko biyu?" Na ce ɗaya, ba ka ga goyo ba ne?

Sai kawai tashar ta zama bakin ruwa. Ruwa ne mai faɗi, ba a hango wancan ƙetaren. Ga kwalekwale cike da 'yan mata, duk da fararen kaya. Mai tuƙin ya ce shi ba ya ɗaukar mai goyo. Na roƙe shi da Hausa, na roƙe shi da ɗan Yarabancin da na tsinta a kasuwa, ya ci gaba da kwalfe ruwa daga jirginsa kamar ba da shi nake ba.

Ina juyawa sai ga Inna, Allah ya jiƙanta, zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ke da na sake ki, me ya cinye ki?" Na buɗe baki zan yi bayani, ta miƙo min gyaɗa.

Sai kawai na ji bayana sakayau. Majanyin na nan a ɗaure, amma ba kowa a ciki. Na hango ta a kwalekwalen, ta ba ni baya, har sun fara nisa. Na ce, "Ke!" Duk 'yan matan suka waiwayo, ban da ita. Na ce, "Ke yarinyar nan!" Suka sake waiwayowa, ban da ita. Ruwa ya kawo min gwiwa. Sai na kira sunanta na yanka, da ƙarfi.

Na farka na gan ta tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta ce, "Umma, ni kika kira?" Na hau gyara ɗankwali. Ta ce, "Ashe kin san sunana." Na ce ta wuce miyarta na ƙuna. Ta koma tana dariya, amma na ji tana jan hanci, kuma ba albasa take yankawa ba.

Ke da kika aurar da uku kika tura ɗaya karatu Sudan, ki faɗa min tsakani da Allah. A mafarkin na kira ta, amma na farka ban ji abin da zan ce mata ba. Kiran nan na ta dawo ne, ko kuwa na Allah ya kiyaye hanya ne?